Iya Hansatu da Ɓerayen Rafin Bayan Sabo

Na daɗe ina aikin duba-gari. Na shiga gidaje ba adadi, an zage ni, an kuma shi mini albarka, amma ranar da har yau ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da katafila ta zo yashe rafin bayan Sabo, unguwar Hausawa ta nan Ibadan. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kun sha jin guntu-guntun labarin a ofis. Bari ku ji shi daga bakin wanda aka yi a gabansa.

A lokacin ina matsayin babban duba-gari, wato mataki ɗaya ƙasa da shugaban sashen tsabtar muhalli na ƙaramar hukuma. Ga wanda bai san aikin ba, mu ne Yarbawa ke kira wole-wole. Mu ke duba shadda da kwata da wurin sayar da abinci. Idan mun ga abin da zai cuci jama'a, sai mu yi magana da baki, in ba a ji ba mu ba da takardar gargaɗi, in wa'adin ya cika ba a gyara ba sai kotu. Ni haifaffen Sabo ne, mahaifina fataucin goro ya kawo shi Ibadan, don haka duk wani aiki da ya shafi unguwarmu ni ake turawa.

Wata safiya da rani shugaban sashenmu, wanda muke kira Oga kawai, ya aika a kira ni. Na tarar da wata mata zaune a ofishinsa, takalmin roba a ƙafarta duk taɓo.

Oga ya ce, "Iliya, ga Dakta Ronke daga jami'a. Mutanenka take son gani, a kan maganar ɓera."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai akwai sauran magani a sito."

Matar ta yi dariya. Ashe a Katsina ta yi bautar ƙasa, tana jin Hausa daidai gwargwado. Ta ce, "Ba kashewa ba, Malam Iliya. Rayawa."

Ta nuna mini hotonsa a waya. Ɓera ne mai gashi buzu-buzu, launin ƙasa, mai gajeren baki. Ta ce a cikin ciyawar bakin ruwa yake sheƙa, ɗanyen karan ciyawa yake ci, yana iyo kamar kwaɗo, kuma ba ya shiga ɗakin kowa. A da kusan kowane rafi a Ibadan akwai shi. Yanzu shara ta binne wasu rafukan, an zuba wa wasu kankare, an ƙone ciyawar wasu, sai a wurare kaɗan take ganin alamarsa. Ɗaya daga cikinsu shi ne rafin da ke gangarowa daga wajen unguwar Mokola, ya bi ta bayan gidajen ƙarshe na Sabo kafin ya faɗa kogin Ogunpa. Gefenmu na rafin gidaje ne da wurin wankin mota. Ɗaya gefen kuwa tudu ne mai ciyawa a bayan wata doguwar katanga, ba mai zuwa can, shi ya sa 'yan halittun suka saura.

Abin da take so shi ne mutanen unguwa su haɗu a share rafin, a dasa ciyawa a bakinsa, a bar wancan gefen yadda yake. Ni kuma aikina in kai ta wurin mutane.

Mai unguwa ya tara mana jama'a a ƙofar gidansa bayan la'asar. Mahauta sun zo, samarin wankin mota sun zo, da malaman islamiyya, da wasu maƙwabtanmu Yarbawa daga Mokola. Dakta ta yi bayani, ina cike mata inda Hausarta ta tsaya. Kafin ta gama sai muka ji murya daga can gefe.

"Iliya!"

Iya Hansatu ce, mai waina. Gidanta ne na ƙarshe kafin rafi, rumfar da take suya a bakin lungu take, tana fuskantar ruwa. Ta girmi mahaifiyata, kuma tun ina yawo da allo ta san ni, saboda haka ba ta san wani babban duba-gari ba.

Ta ce, "Ba kai ba ne ka zo gidana bara ka ce in riƙa rufe tukunya, ɓera na kawo zazzaɓin Lassa? Yau kuma kai ne ka kawo mana likitan ɓera?"

Wuri ya ɗauki dariya. Ita ba ta yi ba.

"Ruwa ya shiga ɗakina, ya jiƙa mini shinkafa, ya tafi da katifata. Ban ga gwamnati ba, ban ga jami'a ba. Amma ɓera ya samu mai tausaya masa. In taimako za ku yi, ku zuba wa rafin nan kankare kowa ya huta."

Na yi ƙoƙarin bayyana cewa wanda muke yaƙi da shi ɓeran gida ne, wannan daban, kuma ko shi ɗin ba a ce kowa ya taɓa shi ko ya ci ba. Ta ɗauki kujerarta ta tafi ina cikin magana. Rabin mutane suka bi bayanta da ido, na ga a fuskarsu cewa ita ta faɗi abin da ke ransu.

A nan na fara ganin halin Dakta Ronke. Washegari da hantsi ta ce in raka ta gidan tsohuwar. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta irin gaisuwar Yarbawa, ta ce, "Iya, ki nuna mini inda ruwa ya kai." Iya Hansatu ta kalle ta sama da ƙasa, sannan ta ɗaga labule ta nuna mana shatin ruwa a bango, ya wuce gwiwa. Dakta ta daɗe tana kallonsa. Daga nan ta gangara rafi, ta shiga cikin ruwa da takalminta har bakin kwalbatin da ke ƙasan gidan, ta zura hannu ta jawo wata tsohuwar taya da ledoji cunkus. Ta ce mini, "Daga nan za mu fara. Maganar ɓera ta jira."

Haka aka yi. Kowace Asabar ta ƙarshen wata, ranar shara, sai mu hallara da manjagara da shebur da baro. Abin da muka fitar daga rafin nan ba ya faɗuwa: ledar ruwa, tayoyi, ganyen ƙunshin goro da ya ruɓe, katifu, har da ƙofar firji. Mahauta suka haƙa rami suka daina zubar da kayan tumbi a ruwa. Samarin wankin mota suka yi wa ruwan sabulunsu wata 'yar hanya mai tsakuwa da yashi kafin ya isa rafi. Da aka zo dashe, Dakta ta kawo wata ciyawa mai dogon saiwa da ke riƙe ƙasa, tana kiran sunanta da Turanci. Tsofaffinmu suna gani suka ce, "Ai jema ce!" Wani dattijo daga cikin 'yan goro ya murza saiwar ya shinshina, ya ce rabonsa da wannan ƙamshi tun yana yaro a garinsu. Daga ranar bai ƙara fashin zuwa ba.

Ni ma na koyi abin da ba a koya mana a makarantar duba-gari ba. Dakta ta nuna mini yadda ake gane ɓeran yana nan ba tare da an gan shi ba: 'yan guntayen karan ciyawa da ya yanka ya tara wuri ɗaya, da siririyar hanyar da yake bi a ƙarƙashin ciyawa zuwa ruwa, da kashinsa a kan dutse. Sai ga ni, wanda ya yi shekaru yana neman kashin ɓera don ya rubuta gargaɗi, ina ganinsa ina murna.

Iya Hansatu kuwa ba ta taɓa ɗaukar manjagara ba. Tana zaune a rumfarta tana juya waina, tana yi mana sharhi da ƙarfi. "Ga ma'aikatan ɓera nan sun iso!" In wani ya zame ya faɗa taɓo, ita ce ta farko a dariya. Amma na lura ta daina zubar da ruwan wanke-wanke a rafi, kuma duk yaron da ya zo jefa shara ta bayan gidanta, da muciya take bin sa. Na taɓa yi mata godiya, ta ce, "Kada ka ɗauka don abokanka na yi. Wari ne ya ishe ni."

A farkon damina, wata rana da azahar, na je duba dashen sai ruwa ya tsuge. Na ruga rumfarta na fake. Muna zaune, ita tana suya ni ina karkaɗe hula, rafi ya fara cika yana hawa ciyawar wancan gefen. Sai na ga ta tsaya da tsinken juyi a hannu.

"Mene ne wancan?"

Na duba. Wani ɗan abu ne mai gashi ya fito daga ciyawa da wani abu ja-ja a bakinsa. Ya haura tudu, ya ɓace, sai ga shi ya dawo baki wayam. Ruwa ya riga ya rufe hanyarsa. Ya faɗa ciki, igiyar ruwa ta ja shi ƙasa, ya yi ta fama har ya kama ciyawa, ya nutsa cikin sheƙar, ya sake fitowa da wani.

Na ce, "Iya, ɓeran nan ne, macen ce. 'Ya'yanta take kwashewa."

Waina tana ƙonewa a tanda, hayaƙi na tashi, ba ta ko waiwaya ba. 'Yar dabbar ta sake gangarowa, ruwa ya ƙara ƙarfi.

"Komawa za ta yi kuma? Ke, ruwan nan zai tafi da ke!"

Ta koma. Wannan karon ta daɗe ba ta fito ba, har na ji tsohuwa tana salati ƙasa-ƙasa. Can sai ga ta, ta fito nesa da inda ta shiga, ɗan yana bakinta. Da ta haura tudu ba ta sake dawowa ba.

Iya Hansatu ta sauke ajiyar zuciya. Ta ce, "Allah sarki. Ashe uwa ce." Ta kankare ƙonanniyar wainar ta zubar, sannan ta nuna ni da tsinke. "In ka gaya wa yarinyar nan na kalla, ni da kai ne."

Ban gaya mata ba, a lokacin.

Ba a daɗe ba umarni ya zo daga sama cewa a yashe ƙananan rafuka kafin ruwan tsakiyar damina, don gudun ambaliya. Rafinmu yana ciki. Na samu Oga na ce masa mun yi watanni muna aiki a wurin. Ya ce, "Iliya, ba daga teburina abin ya fito ba, ba ni da ikon tsayar da shi. Kuma kai ma ka san yashi ya cika tsakiyar rafin. Ka je ka tsaya a kansu, shi ne iyakar abin da zan iya yi maka." Gaskiya ya faɗa. Mun kwashe shara da hannu, amma yashin da ya taru shekara da shekaru ya fi ƙarfin shebur, kuma mutanen unguwa suna son a yi.

Ga inda matsalar take. Katafila ba ta shiga cikin ruwa. A gefe ɗaya take tsayawa, ta miƙa hannu ta kwaso yashi ta zuba wa tifa, tana tafiya tana murƙushe duk abin da ke ƙarƙashinta. Shugaban masu aikin ya zo da safe ya duba, ya ce ta wancan gefen za su shiga, ta wajen kwalbati, tunda babu gidaje. Wato daidai kan tudun da sheƙunan suke.

Na kira Dakta a waya, ta hau okada, wato acaɓa, ta iso tana haki. Ta yi masa bayani da Yarbanci, ta yi da Turanci. Mutumin bai yi mata rashin kunya ba. Ya ce yana da rafuka da yawa a gabansa, ruwa ba zai jira shi ba, in akwai wata hanya a nuna masa yanzu, in babu zai fara kafin azahar.

Direban katafilar, wani dattijo mai furfura a gemu, ya sauko ya bi gefenmu da ƙafa yana dukan ƙasa da dunduniya. Ya dawo ya ce filin wankin mota zai ɗauki nauyinta, kuma daga nan hannunta zai kai tsakiyar rafi ba tare da ya taɓa tudun can ba. Sai dai hanyar shiga filin ɗaya ce, lungun nan, kuma a bakinsa ga rumfa.

Mai unguwa ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Shugaban masu aikin ya juyo wurina ya ce, "Kai ba wole-wole ba ne? Ka ce a cire ta mana."

Na ce masa ba haka aikin yake ba. Doka ta ba mu ikon cire abin da aka gina a kan hanyar ruwa, shi ma sai an ba da gargaɗi wa'adi ya cika. Rumfar Iya kuwa a cikin filinta take, ba ta tare ruwa ba, ba ta tare kowa ba. Ba ni da ikon taɓa ko ƙusa ɗaya a jikinta.

Kwanon rufi da ginshiƙai ana iya cirewa a mayar. Abin da ba ya ciruwa shi ne murhun. Na laka ne, babba, mai baki biyu, kuma duk Sabo an san marigayi Malam Garba, mijinta, shi ya gina mata shi da hannunsa tun suna sabon zuwa Ibadan. A kansa ta soya wainar da ta ciyar da 'ya'yanta bayan rasuwarsa. Kowace shekara da kanta take yaɓe shi. Babu wanda zai iya buɗe baki ya roƙe ta.

Duk abin nan tana zaune tana jinmu, don Yarbancinta ya fi nawa. Sai ta yafito direban da hannu. Ya zo ya rusuna.

Ta ce masa da Yarbanci, "Baba, in ka bi ta nan, ba za ka taɓa wancan gefen ba?"

Ya ce ba zai taɓa ba.

"Ko ciyawa ɗaya?"

Ya ce sai dai abin da ruwa ya taɓa da kansa.

"Kuma za ka kwashe yashin bakin kwalbati har ƙasa?"

Ya ce da shi zai fara.

Ta miƙe, ta sa tsumma ta sauke tanda. Ta kwashe sauran waina ta miƙa wa samarin wankin mota. Ta ɗauki bokitin ruwa ta sheƙa wa wuta, tururi ya turnuƙe rumfar. Sannan ta juyo gare ni.

"Iliya, tsayuwa za ka yi kana kallona? Kama bencin nan."

Dakta ta sha gabanta, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Iya, a'a. Ban roƙe ki wannan ba. Za mu nemi wata hanya."

Iya ta ce, "Wace hanya, yarinya? Kin ji mutumin nan ya ce kafin azahar. Laka ce aka kwaɓa. Wanda ya kwaɓa ta ma ya koma ƙasa." Ta gyara mayafi. "Masu jego ne a can. Ba a tashin mai jego."

Samari suka hau suka cire kwano ɗaya bayan ɗaya, mahauta suka tumɓuke ginshiƙai, malaman islamiyya suka kwashe itace da tukwane zuwa zaure. Kafin wani lokaci wuri ya zama fili, sai murhu kaɗai a tsakiya, baƙi ƙirin, yana ɗan hayaƙi. Direba ya tayar da katafila. Da ta fara shigowa lungu, Iya Hansatu ta juya ta shige gida ta saki labule. Ba ta tsaya ta gani ba. Ni na gani. Dattijon ya tsaya daf da murhun, ya leƙo ta taga ya dube ni, na ɗaga masa kai, sannan ya bi ta kan murhun a hankali. Ƙarar ba ta da yawa.

Direban ya cika alkawarinsa. Yini guda yana aiki, hannun katafila na sauka tsakiyar rafi yana tashi, Dakta tana tsaye cikin ruwa tana nuna masa iyaka da sanda. Ko jemar da muka dasa a gefenmu, inda ya samu dama sai ya kauce mata. Da ya gama gab da magariba, tudun can yana nan kore shar kamar ba a zo ba.

Cikin satin aka mayar da rumfa, har aka canja kwanonin da suka yi tsatsa. Matan unguwa suka kwaɓa laka, Dakta ta cire takalmi ta shiga cikinsu tana takawa, aka gina sabon murhu, Iya na tsaye tana gyara musu. Ba zan yi muku ƙarya in ce ya maye na da ba. Ta yi makonni wainarta tana fita wani gefe a ƙone wani gefe ɗanye, tana cewa wannan bai san hannunta ba. Wata rana na tarar da ita ta dafa shi tana kallon wuri ɗaya, na yi sallama sau biyu kafin ta ji. Amma ban taɓa jin ta ce da ta sani ba.

Ruwan tsakiyar damina ya zo da ƙarfinsa. Rafi ya cika ya batse, ya taɓa dokin ƙofarta, ya koma. Da ruwa ya janye, muka haura tudun ni da Dakta, muka tarar da sababbin guntayen kara a tare. Da damina ta zagayo, sai ga irin wannan alama a gefenmu, cikin jema, ƙasa kaɗan da filin wankin mota. Dakta ta zauna a ƙasa tana dariya tana share ido.

To, abin da nake so ku riƙe ke nan. A makaranta an koya mana doka, da yadda ake rubuta gargaɗi, da yadda ake tsayawa gaban alƙali, kuma duk suna da amfani. Amma a ranar nan doka ba ta da abin da za ta ba ni. Abin da ya ceci wurin ya fito ne daga hannun mutumin da ba ni da ikon tilasta wa komai. Za a tura ku unguwanni, a kowace unguwa kuma za ku haɗu da wani wanda zai miƙe a taro ya wanke ku tas a gaban jama'a. Za ku ji kamar ku riƙa bin wani lungun don kada ku haɗu. Kada ku yi haka. Mai yi muku shiru yana gyaɗa kai, sau da yawa wurin bai dame shi ba. Wanda ya ɗaga murya, akwai abin da ya rasa a can, kuma yana tsoron ya sake rasawa. Ku je gidansa da safe, ku gaishe shi, ku ce ya nuna muku. Ranar da aiki ya fi ƙarfinku, ba mamaki shi ne zai miƙe.